Ranar da Na Sa wa Jirgin Ƙasa Sitiyari

Jiya jikata ta kawo min jirgin ƙasa na roba wai in haɗa mata layinsa. Ina cikin haɗawa sai Baba Ango ya faɗo min a rai.

Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba, ina sabon malamin firamare a Maiyama. Darasin jirgin ƙasa ya zo, ni kuwa a hoto kawai na san shi, kuma ba na so yara su gane. Kwana uku ina fama da haɗa jirgin wasa a aji: layi na kara, taragu na gwangwanin madara, tayoyi na tsohon silifas. Na yi masa kwana mai kaifi irin ta mota, har na kafa wa direba sitiyari.

Baba Ango mai gadinmu ne, ya sha raka albasar Aliero kudu a jirgi. Ya leƙo, ya jira sai da yara suka fita hutun tara, sannan ya shigo.

"Malam, wanga sitiyari na mi ne?"

"Na shan kwana mana, Baba."

"Jirgi bai da sitiyari, hanya ita ka jan shi. Wagga kwana taka kuwa, da da mutane ciki, da yanzu muna wurin jana'iza."

Ya durƙusa da tsufansa, ya cire sitiyarin, ya yayyanka karan ya sake jerawa har kwanar ta buɗe. Da yara suka dawo ya ce, "Ku zo ku ga aikin malaminku."

Har ya bar duniya bai tada zancen ba. Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa min.

Ku fa, wa ya taɓa gyara muku kuskure ba wanda ya ji?