Curin Sabulun da Ba Nawa Ba

Ko da zan manta unguwar da aka haife ni, ba zan manta da curin sabulun da na tarar a zabirar maigidana wata ranar Alhamis ba. Yau haƙorana sun zube, idona ya yi hazo, amma ƙamshin sabulun nan yana nan a hancina. Ni ban san baƙi ba, mijin jikata ne ke rubuta wannan, na kuma ce masa kada ya rage, kada ya ƙara.

Maigidana wanzami ne ɗan wanzami, muna zaune wajen Ƙofar Atiku. Ni kuwa sabulun salo nake yi, kuma a Sakkwato ta lokacin ban san matar da ta kai ni ba. Daga Kwalkwalawa ake kawo mini karan dawa, in ƙone, in tace tokar, in dafa da man kaɗe, in rufe curin a tukunya sai zafinsa ya mutu. Da shi maigida yake yi wa manyan mutane gyaran fuska. Babbansu wani dattijon attajiri ne mai fataucin hatsi da tufafi. Gadon aikin gidansa muka yi tun kakanni, duk askin suna da shayin yaran gidan mu ke yi. Da gidan nan muke ci, da shi kuma aka san mu.

Dattijon nan fatarsa ta yi laushi, amma tohon gashinsa tauri gare shi kamar ƙaya. Gemu ba a taɓa shi, sai kumatu da ƙarƙashin haɓa. Duk Juma'a da hantsi maigida zai jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya dafa masa a fuska, ya yi ta murzawa da tafin hannu har gashin ya kwanta. Sannan ya kaɗa sabuluna a ƙoƙo da yatsu har kumfa ta tsaya, ya shafa, ya bar ta ta jiƙu yana wasa aska suna hira.

Ranar Alhamis ɗin, bayan azahar, na buɗe zabira zan sa masa sabon curi, sai na ga wani a naɗe cikin ƙyalle. Launin nawa ne, girman nawa ne, amma an cika shi da turare. Na ce, "Maigida, wanga na wa ne?"

Ya ce ɗan ƙanen dattijon ne ya ba shi, wai tsarabar fatake ce, a yi wa Baba aski da shi gobe ya ji daɗi.

Na juya curin a hannuna. Mutumin nan na san shi. A baya ya nemi dattijo ya damƙa masa rumbunan hatsi, dattijo ya tambayi maigida halinsa ana cikin aski, maigida ya yi shiru ya ci gaba da wasa aska. Shirun nan ya wadatar, ba a ba shi rumbunan ba. Tun daga ranar ko sallamar maigida ba ya amsawa.

Na ce, "Mi ya hana shi kai ma Baba nai da hannu nai? Gida guda suke kwana."

"Ke dai ba ki son a yaba sabulun kowa sai naki."

"Gaskiya ne, ba ni so. Amma wace tsaraba ce ta yi kama da curin tukunyata?"

Na gutsura kaɗan na kaɗa a ƙoƙo. Kumfar ta tashi, amma ba ta tsaya ba, ta tsinke, wani abu fari-fari mai danƙo ya taso a kan ruwan. Na shinshina, turare ya rufe komai. Mai sabulun kirki ba ya ɓoye warin toka, sai in akwai abin da yake son rufewa. Maigida ya lakaci kumfar ya goga a bayan hannunsa, muka zauna muna kallo. Babu abin da ya faru. Ya yi dariya ya ce, "To, uwar zargi, hankalinki ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Na ce masa hannun da ya sha rana da aiki ba ɗaya yake da fuskar da aka gasa da ruwan ɗumi aka murza ba, shi da kansa ya koya mini cewa fata buɗewa take yi. Na miƙa masa damtsena. Ya ce fatar da ta yi shekara da shekaru cikin ruwan toka ko wuta ba ta ji. Don ya kunyata ni sai ya zauna a tabarma ya miƙo fuska, ya ce, "Ga kunci, yi mini yadda nike yi mai. In ba a ga komi ba, kada in ƙara jin bakinki."

Mace ba ta yi wa wanzami aikinsa, amma ranar na yi. Na ɗumama ruwa, na dafa tsumma, na murza tohon gashinsa har ya kwanta. Kuncin dama na shafa kumfar sabuluna, na hagu na shafa ta baƙon. Na san in na yi kuskure na zargi ɗan gidan da ke ciyar da mu, in kuma na yi daidai fuskar mijina ce a ƙasa.

Kafin a kira la'asar ya fara sosa kuncin hagu. Ya ce ba komai. Can sai ya tashi da sauri ya tsoma fuska a kwatarniya. Wurin ya yi ja, ya tashi, kafin gari ya waye ya yi bororo har idon ya ƙanƙance. Nonon tinya aka cuɗa a ciki, itacen nan da ake dasawa a shinge, mai farin ruwa da ke ƙona fata. An yi curin kamar nawa don in fuskar dattijo ta salluɓe a ce matar wanzami ta yi sammu.

Da safe maigida ya ce ba zai fita da wannan fuska ba. Na ce da ita za ka fita. Na ɗauki tukunyar sabulu na bi bayansa har gidan dattijo, na shige cikin gida wajen mata kamar yadda na saba, na raɓe a bayan ƙofar zaure.

Na ji dattijo ya ce, "Wanzam, wa ya yi maka aski da garwashi?"

Maigida ya ce, "Ranka shi daɗe, sabulun da anka ba ni in yi maka aski da shi ne, iyalina ta ce sai an gwada." Ya ajiye curin a gabansa, ya faɗi wanda ya ba shi.

Dattijo ya dubi curin, ya dubi kuncin maigida. Sai ya sa aka kira ɗan ƙanen nasa, ya ce masa a hankali, "Na ga tsarabarka, na gode. Yau Juma'a, ga ruwa ya yi ɗumi. Zauna a fara da kai."

"Baba, jiya na yi aski."

Ta tsagar ƙofa ina hango tohon gashi baƙi ƙirin a kumatunsa. Dattijo ya ce, "Zauna dai." Bai zauna ba. Ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da ƙoƙon ruwa, ya fice ko takalmi bai ɗauka ba. Ayarin da ya tashi bayan nan da shi ya tafi, ban sake ganinsa ba. Dattijo kuwa ya gyara zama ya miƙa wa maigida wuyansa, ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, "A kaɗa mini na tukunyar gida."

Har maigida ya koma ga Allah gashi bai sake fita a kuncin hagun nan ba, kuma bai ƙara shafa wa kowa kumfa ba sai ya fara ɗiga ta a kuncinsa. Abin da na koya ke nan, nake kuma faɗa wa jikokina: in wanda ba ya amsa gaisuwarka ya ba ka kyauta ka kai wa wani, tsaya ka tambayi kanka me ya sa hannunka yake so, ba nasa ba.