Kiɗin da Ba Ya Hutawa

Ni dai ban taɓa ƙin kiɗi ba, kada wani ya ɗora mini. Cikin kiɗi na tashi. Uwata mai kiɗin ƙwarya ce, daga Amarawa har Darna babu gidan bikin da ba a san hannunta ba. Abin da na sani game da kiɗin wancan zamani shi ne yana gajiya. Mai kalangu ya matsa har hammata ta yi tsami, ya sauke ya nemi ruwa. Mata su kaɗa ƙwarya har tafi ya yi ja, su tsaya su gyara kallabi. To a ɗan tsakanin nan ne duniya take shigowa. A nan za ki ji jinjiri na kuka a ɗaki, ki ji tunkiya ta faɗa wa hatsi, ki ji ladan. In kuwa anka bi da gawa ta lungu, mai kiɗi yana da ido, shi ne farkon sauke hannu.

Na yanzu ba ya gajiya. Janareto ne cikinsa, in dai da mai, to har gobe. Ga shi ko'ina cikin Illela, a shagon masu cajin waya, a bayan kabu-kabu, a motocin da ke jiran a buɗe musu iyaka. Kowane wata da waƙar da ke tashe, ta watan jiya kuwa an yar da ita kamar tsumma. Wata da Hausa, wata da Turancin Ikko, wata ta tsallako daga Kwanni da Faransancinta. Muryar kuma an bi da ita ta cikin inji, ba ki rabe namiji da mace, duk kamar mai mura yana magana cikin tulu.

Na taɓa tambayar jikokina, "Wanga mai waƙa, ɗan wane gida ne? Wa yake yi wa?"

Sunka kwashe da dariya. Babbar ta ce, "Kaka, ba a tambayar wannan. Rawa kawai ake yi."

Na ce, "A da in an yi wa manomi waƙa, kin san gonarsa. Wannan ko sunan uwarsa ba ku sani ba, kuna ta karya ƙugu."

"To ke mi ya sa kike tuƙa tuwo daidai da shi?"

Na duba hannuna, wallahi gaskiyarta. Abin yana da wani dum-dum a ƙasa, ba ta kunne yake shiga ba, ta ƙirji yake shiga. Na zage ta, na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Ina da maƙwabciya, aminiyata. Shekara ɗaya anka kawo mu unguwar nan muna amare. Katanga ɗaya ta raba mu, amma ƙofofinmu ba lungu ɗaya suke ba, in za ki je gidanta sai kin zagaya ta bayan masallaci. A lokacin ba ma fita, babu waya, sai munka yi wa kanmu dabara. In ɗayarmu ta shiga uku, ta je ga turmi babu komai cikinsa, ta buga taɓarya sau uku, ta tsaya, ta ƙara uku. Turmin da babu hatsi ƙararsa daban ce, duk macen da ta san daka ta san wannan. Da shi na kira ta ranar da naƙudar fari ta kama ni. Da shi ta kira ni ranar da wuta ta kama mata rumfar girki. Munka tsufa, waya ta zo, ba mu bari ba. Ba a taɓa bugawa ɗaya ta kasa zuwa ba.

Bara bayan girbi anka yi bikin babbar jikar tawa. Na ce a kira mata masu ƙwarya ko na yini ɗaya. Ɗana ya ce, "Inna, wa zai zo? Ƙawayenta dariya za su yi mata." Sai anka ɗauko yaron da suke ce wa dije, da sifikoki huɗu kowace ta kai ƙofar ɗaki, anka jera su a tsakar gidana.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, mazan unguwa duk suna kara wurin dabbobi. Aminiyata ta zo tun da safe, ita ta tsaya kan tukunyar miya. Da anka yi azahar ta ce za ta koma ta ba malam magani, mijinta ke nan, ya daɗe yana fama da hawan jini. Ta ce, "In na ga ya samu barci, zan dawo in ga rawarki, tsohuwar banza."

Na ce, "Ni? Ga wanga haukan? Allah ya kiyaye."

Bayan la'asar sai ga amarya da ƙawayenta sun kewaye ni. Dije ya ɗauki abin magana yana ihu, wai kakar amarya ta fito fili. Sunka ja ni, ina turjewa ina dariya. Ya saki waƙar da ke tashe a lokacin. Ban san kalma ɗaya a cikinta ba, amma ƙafata ta san abin da za ta yi. Na taka. Mata sunka ɗauki guɗa, ana liƙa mini naira da sefa a goshi, wayoyi duk sun taso sama. Rabon da a kalle ni haka tun ina budurwa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Irin waƙoƙin nan akwai inda kiɗin yake yin ƙasa kamar zai mutu, kowa ya ɗaga hannu yana jira, sannan ya dawo da ƙarfi. A daidai nan na ji shi ta bayan katanga. Uku. Shiru. Uku.

Na ji. Ba zan ce ban gane ba. Na ce a raina, bari waƙar ga ta ƙare, yanzu-yanzu, kada in bar yarinya a fili ita kaɗai a ranarta. Ni da na tashi a gidan kiɗi, na ɗauka kowace waƙa tana da wutsiya. Ashe aikin yaron nan ke nan, kada a ga wutsiyar. Kafin wannan ta mutu ya riga ya ɗinka mata wata, ba ki san inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta tashi ba. Da kiɗin ya sake yin ƙasa, ina tsakiyar guɗa, na ƙara jin turmin. Na juya zan fita, amarya ta riƙe mini zane, "Kaka, wannan ce tawa, wannan ce tawa!" Na tsaya. Har guɗar na sake mata.

Karo na uku da kiɗin ya yi ƙasa, na kasa kunne, ban ji komai ba. Wannan shirun ne ya fitar da ni. Na zagaya ta bayan masallaci ba takalmi.

Na iske ta zaune a ƙasa kusa da magudanar ruwa, kan malam bisa cinyarta, buta a kife. Wurin alwala ya faɗi. Ta yi ta ƙoƙarin ja da shi inuwa, ta kasa, ga ciwon gwiwa. Ta kira wayar ɗanta yana kara, bai ji ba. Ita kaɗai ta laƙanta masa kalmar shahada, da ƙarfi, bakinta a kunnensa, don bangon gidan har rawa yake yi da kiɗin gidana. Ni na koma na sa anka kashe janareto.

Ko da na zo da wuri zai rayu? Malamai sun ce kwana in ya ƙare ya ƙare, na kuwa yarda. Amma da mun kai shi inuwa mu biyu. Da ba ita kaɗai ba.

Wurin zaman makoki mata sunka yi ta cewa, "Ai wa zai ji wani abu cikin wannan ƙara?" Sunka ba ni mafaka, na shige ciki na yi shiru. Kullum ina zuwa, ina kai wa aminiyata fura, tana amsa gaisuwa. Hoton rawata kuwa yana yawo a wayoyin unguwa, yara na tare ni a hanya suna cewa kaka ta iya. Duk shagon da na wuce waƙar nan ce. Na riƙa canza hanya. Kafin wata biyu ta daina tashe, kowa ya manta da ita, ban da ni.

Tana cikin takaba, wata rana na iske ta ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa. Na zauna. Na ce, "Ƙawa, akwai maganar da ta hana ni sakat. Ranar nan na ji ki. Sau biyu na ji. Na ce bari waƙa ta ƙare."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare ɗaya, ta ɓare biyu.

Ta ce, "Na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Guɗarki ko cikin mata ɗari na san ta. Kin fara ta, ta yanke a tsakiya daidai lokacin da na buga. Sannan na ji kin sake ta." Ta share hannu a zane. "Wata uku ina jira in ga ko za ki faɗa, ko za ki bar ni da wannan ma ni kaɗai."

Na ce, "Ki yafe mini don Allah."

"Don Allah kam na yafe, ba ni son in tashi da ke a gabansa. Amma zuciya ba jaki ba ce, balle in kora ta da sanda. Ba ta iso ba tukuna."

Na yi kuka, ba ta ce in bari ba. Da na gama na yunƙura zan tashi, sai ta turo mini faifan gyaɗar da ƙafa.

Ta ce, "Ina za ki? Zauna ki ɓare. Ban ce ki yi magana ba."

Na zauna. Har yau haka muke. Ta fita takaba tuni, ɗanta na ta matsa mata ta koma wurinsa a Garu, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kullum da la'asar ina zagayawa, ta ba ni aiki, in yi, mu yi shiru har a kira magariba.