Ƙwayoyin da Na Bi Gida-gida Na Karɓo

Maigidana hatsi yake sayarwa, gero da dawa, kuma gyambon ciki ya daɗe yana cin sa. A Ƙofar Dundaye muke zaune. Lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur sun cika gari, kowa na sayen babur da rediyo, shi kuwa ko malmalar tuwo ba ya gamawa sai ya dafe ƙirji. Na jiƙa masa kanwa har na gaji. Likita ya ce abin da ya rage sai wuƙa, a yanke wani sashe na tumbin. Yayansa a irin wannan aikin ya rasu, don haka ko sunan tiyata ba a ambata a gidanmu.

Ana nan sai ga sabon magani ya shigo, simetidin, 'yar koriyar ƙwaya. Likitan ya ce tana rage tsamin da ciki ke zubarwa har gyambon ya samu sararin warkewa, amma sai an sha kullum ba fashi. Ba a samun ta a Sakkwato, ƙanena mai tuƙa babbar mota ne ya nemo mana kwalba guda daga Ikko. Wallahi ba a jima ba mutumin nan ya fara neman ƙarin tuwo. Na shige ɗaki na yi kukan daɗi.

Wata rana na ɗauki kwalbar na ji ta sakayau. Ashe a zaure yake sha bayan abincin rana, gaban abokansa, shi kuma ba ya iya kai abu baki gaban mutane bai ce bismilla ba. Su ko, tsofaffin nan masu cin goro da yaji, kowa da ƙwannafinsa, sai su miƙo hannu ba kunya.

Na ce, "Haba Malam, wanga fa magani ne, ba ƙosai ba."

Ya ce, "To mi zan yi? In haɗiye suna kallona?"

Na ɓoye kwalbar cikin kwanonin jerena, ina ba shi a ɗaki. Sai aike ya koma cikin gida: uwar liman ƙirjinta na zafi, maƙwabci ya ci maiƙo ya dame shi. Na ce babu. Da labari ya kai masa ya ture hannuna, ya ce ba zai sha abin da aka hana maƙwabci ba. Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Ƙarshe na fito da kwalbar raina na ƙuna, don gara ya sha rabi da ya ƙi duka.

Ta ƙare gyambon bai warke ba. Ƙanena na kan hanya, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Bahayan Malam ya koma baƙi ƙirin, wata safiya kuma ya yi aman jini a bakin rijiya. A motar hatsi aka kai shi asibiti.

Ni da ke cikin kulle, ban saba taka titi da rana ba, na yafa zane na fita. Na san halin mutanenmu, abu mai daraja ba sa shanyewa, ajiyewa suke yi don wata rana. Na bi gida-gida ina cewa a ba ni abin da Malam ya bayar. Na san ba a karɓe kyauta, na san za a yi da ni a unguwa, ko a jikina. Wata ta kwance tata daga bakin zane. Wani tsoho ya ciro tasa daga naɗin hula, duk ta yi dauɗa da gumi. Wani ya ce ai ya ba jikarsa mai ciwon haƙori, kamar in shaƙe shi. Uwar liman ta miƙo mini ba ta ko dube ni ba.

Na isa asibiti da ƙwayoyin a tafin hannuna. Likitan ya girgiza kai, ya ce jini ke zuba a ciki, ƙwaya ba ta tsayar da wannan, sai tiyata yanzu-yanzu. Na durƙusa na ce ya gwada ko guda ce. Ya ce in tashi.

Ana tura Malam a gado zuwa ɗakin tiyata ya hango hannuna, ya ce, "Ina kika samo?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya rufe ido, ya ce, "Ki mai da musu."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan, bai farka daga aikin ba. Ranar sadakar uku ina daga ɗaki ina jin muryoyinsu a zaure, suna yabon hannunsa na kyauta. Ban mayar wa kowa ba, kuma har yau ban huce ba.