Haƙoran Kawu Mai Alli

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana cizon dutse. Matarsa takan ce, "In dafa maka mai laushi ka ture, ka tafi ka ci tsakuwa."

A wani dogon sito yake aiki, na kamfanin da ke neman man fetur. Idan an haƙa rijiya, ana zaro dutsen ƙarƙashin ƙasa dogo-dogo kamar taɓarya, a jera cikin akwatunan katako. Kawu ne ke bin su da alli yana jan layi: nan dutsen yashi mai riƙe man fetur ya ƙare, nan dutsen laka mai toshe shi ya fara. Wani wurin ido ba ya rabewa, duk toka-toka ne. Sai ya ɓanɓari ɗan kaɗan ya sa a haƙoran gaba. In ya ji gurus-gurus, yashi ne. In ya narke kamar sabulu, laka ce. Bai yi boko mai zurfi ba, amma masu digiri layinsa suke jira.

Bara haƙoran suka gaza. Likita ya cire shida, ya sa masa na roba.

Ranar da aka kawo dutsen sabuwar rijiya, na kai masa maganin da ya manta a gida. Na same shi tsugune gaban akwati na tara, Injiniyan da ke kula da rijiyar na tsaye a kansa.

"Kawu, taimake ni," in ji Injiniya. "Manya sun ce in layin nan bai fito yau ba, ƙasar waje za a riƙa aika dutsen, a rufe teburinka."

Kawu ya tauna, ya tofar, ya sake. Ya juya mana baya ya cire haƙoran, ya gwada da dasashi. Da ya goge baki, na ga jini a hankicinsa.

"'Yata, zo ki ara mini naki."

Na ciza. Ƙasa ce kawai a bakina.

"Yaya kika ji?"

"Kamar yashi, Kawu. Kamar kuma laka."

"Kai, ga ki da digiri guda, amma bakin bai san yashi ba!" Kawu ya yi dariya, mu muka kasa.

Injiniya ya rage murya. "Ja layin inda kake zato. Wa zai sani?"

Kawu ya daɗe yana juya allin. Da taƙi ɗaya zai iya yin kuskure, a huda rijiyar inda babu man fetur. Ya ɗora allin a kan murfin akwatin, ya miƙe da ƙyar.

Ƙarshen wata aka sallame shi, da agogon bango da takardar yabo.

Jiya muna cin shinkafa na tauna tsakuwa, na yamutsa fuska. Kawu ya ajiye cokali, ya matso.

"Kar ki tofar tukuna. Yaya ta yi?"

Na juya ta a baki, na juya, yana kallona.