Tsamiyar da Na Dasa a Tsibirin Kaka

A unguwar Sa'alaba, nan ƙasar Makka, aka haife ni, ban taɓa ganin Tafkin Cadi ba, amma na san tsibirinmu kamar tsakar gidana. Kakata ce ta zuba mini shi a kunne. Masallaci a kan tudun yashi, jirage a ɗaure ta yamma, hayaƙin banda ko'ina. Gawa ma a jirgi ake kai ta gaɓa, don ƙasar tsibirin da an haƙa sai ruwa. Kakana shi ne limaminsu, kuma Alƙur'anin masallacin, rubutun hannu a cikin gafaka, shi ya rataya har Makka. Yanzu littafin yana cikin akwatina.

Wata ranar Juma'a wani dattijo ya yi sallama. Ya ce umara ya zo, yanzu yana dako wajen tashar jirgin ruwa, kuma daga tsibirinmu yake. Na dafa shayi, na fito da dabino.

"Hajiya, mutanen gari ne suka aiko ni," in ji shi. "Sun ce littafin malam ya koma masallacinsa."

Ya kwatanta tudun, ya kwatanta jiragen gawa. Duk daidai. Daidan ma ta yi yawa, har da inda Kaka take jan numfashi. Kuma idonsa bai bar ƙofar ɗakina ba.

Na ce, "Malam, ina kuke zaman hira da rana?"

"Ƙarƙashin tsamiyar nan mana, ta bayan masallaci. Tana nan, har ta fi da."

Na ajiye kofina. Kaka ta sha faɗa mini tsibirin ba shi da itace ko ɗaya, sai ciyawa. Ni na dasa tsamiyar nan da bakina, shekarun baya, da 'yata ta dame ni da tambayar ina mutanen suke samun inuwa. Daga nan tsamiyar ta zauna a labarin. Ni kuwa ba bikin da za a yi tsakanin unguwar Sa'alaba da ta Sharafiyya ban ba da labarin tsibirin ba. Kayana ne ya tsinta a bakin mutane, ya kawo mini.

"Tana 'ya'ya kuwa?"

"Sosai, Hajiya."

"Masha Allah. To, littafin ba ya fita. Halas, magana ta ƙare."

Ya yi ta rantsuwa, na ƙara masa shayi, na ƙulle masa shinkafa a leda, don da gani da yunwa ya zo.

Da ya fita na buɗe akwatin, na shafa gafakar. Da a ce ya gaya mini ƙarya nake, ba wata tsamiya a can, wallahi da na miƙa masa da hannu biyu. Har yau in baƙo ya ce daga tafki yake, tambayar inuwa nake fara yi masa.