Mataccen Hannun Mijin Yaya

Mijin yayata kafinta ne, ko in ce ya taɓa zama kafinta. Tun ranar da ya ce hannunsa na dama ya mutu, zartonsa ke rataye yana tsatsa. Yaya ke ɗinki tana ciyar da gida, shi kuwa yana kan benci yana koya wa matasa yadda ake neman na kai.

Da na gaji, na kai shi asibiti gwajin jijiya. Likita ta ɗana masa lantarki kaɗan-kaɗan, sannan ta soka siririyar allura a damtsensa, haɗe da wata na'ura mai ƙara. Ta ce ya saki jiki. Na'urar ta yi tsit. Ta ce da jijiyar ta lalace, da tsokar ta yi ƙara ko tana hutawa. Ban yi mamaki ba, a wajen hutawa babu wanda ya kamo ƙafarsa.

"To, matse hannun," in ji likita.

"Ai ba ya motsi, likita," ya ce, har da marairaicewa.

Sai wayarsa ta zame daga cinyarsa. Caraf ya cafe ta da mataccen hannun, na'urar ta ɓarke da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano.

Muna isa gida ya shaida wa Yaya cewa lantarkin asibiti ya taɓa na hagun ma. Yanzu ita ke saka masa maɓallin riga.