Littafin da Na Miƙa wa Shugaban Hukumar Jami'a

Edita, ina roƙon ka sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce 'yar unguwar Kwaciri ta Fagge, mai shiru-shiru, wadda ta karanta adabi ta fito da sakamako mai kyau, ta kuma yi imani cewa jami'a wuri ne mai tsarki. Mahaifina atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma ranar da na samu aiki a ofishin magatakardar wata jami'a sai da ya zagaya layinsu kaf yana faɗa. Ni kuwa abin da ya fi faranta mini shi ne itatuwan harabar da ƙamshin tsofaffin littattafai. Ina rubuta waƙoƙi a ɓoye, ina ganin duk wanda ya iya magana mai daɗi mutumin kirki ne.

Saboda hannuna yana da sauri, aka sa ni cikin masu ɗaukar rahoton zaman majalisar malamai, wato inda farfesoshi da shugabannin sassa suke yanke duk abin da ya shafi karatu. Ranar farko wani dattijo a ofishinmu ya koya mini ƙa'idar aikin: a rahoto ba a ambaton sunan wanda ya yi magana. Sai dai a ce wani mamba ya ga kaza, majalisa ta yanke kaza. Ya ce haka aka gada, don kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da tsoron gobe ba. Na bi ƙa'idar a rahoton da nake bugawa. Amma ina da wani littafi nawa mai koren bango, inda nake rubuta komai da sunan mai shi, kalma bayan kalma, don kawai ina son yadda manya suke jera magana. Ban taɓa tunanin ina haɗa makami ba ne.

A cikin mambobin majalisar akwai wata farfesa mai koyar da kimiyyar haɗa magunguna. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Tun da ta ji ni 'yar Fagge ce ta ce babu dalilin da zan riƙa tsayuwa a rana ina jiran adaidaita alhali hanyarmu ɗaya. Mama nake ce mata, ita kuma 'yata. Kullum a mota sai ta tsokane ni, wai mawaƙa ba sa kallon gabansu, wata rana sai na faɗa kwata ina kallon gajimare.

Sai gwamnati ta naɗo sabon shugaban hukumar gudanarwa, wani ɗan siyasa da bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Aikin hukumarsa gine-gine ne da ɗaukar ma'aikata, karatu kuwa na majalisar malamai ne. Amma ya zo da buƙata: a buɗe tsangayar koyon likitanci kafin ƙarshen shekara, domin wanda ya naɗo shi yana son ya zo ya yanke zare. Ginin an yi masa fenti, amma babu ɗakin gwaje-gwaje, babu asibitin koyarwa, malamai kuma ba su kai a ƙirga ba. Da maganar ta zo majalisa, yawanci suka sunkuyar da kai. Mama ce ta miƙe. Ta ce ita ba za ta sa hannu a yaudari 'ya'yan mutane ba, kuma likitan da aka koya wa aiki a kan allo kawai, wata rana uwar wani zai kashe. Ta ce idan hukuma ce za ta riƙa faɗa wa malamai abin da za su koyar da lokacin da za su fara, to a cire sunan jami'a daga ƙofa a rubuta ofishin jam'iyya. Wasu mutum biyu suka mara mata baya, aka ɗage maganar. Ni kuwa ban bar ko harafi ɗaya ya wuce ni ba.

Bayan kwana uku mataimakin magatakarda ya kai ni ofishin shugaban hukumar. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya ji labarin ni mawaƙiya ce, irina ne ya kamata maɗaba'ar jami'a ta riƙa buga wa littafi. Ya ce rahoton da ake kawo masa busasshe ne kamar ƙirare, shi kuwa uba ne, yana son ya ji ainihin muryar malamansa don ya share musu hawaye. An gaya masa ina da wani littafi. Ba wanda ya yi mini barazana, ba wanda ya ɗaga murya. Da hannuna na buɗe jaka na miƙa, har ina jin daɗin an san ina da basira.

Kilishi yake ci a lokacin. Ina zaune ina kallo yana lasar yatsa yana juya shafi, mai yana ɓata takardar, yana jan layi da jan biro a ƙarƙashin sunaye. Bai tsaya kan ko jimla ɗaya don ma'anarta ba, sunaye kawai yake tsinta. Ko a lokacin ban ce a ba ni kayana ba. Godiya ma na yi da zan fita.

Cikin mako biyu aka ba Mama takardar tuhuma, wai ta ci mutuncin hukuma. Aka sauke ta daga shugabancin sashe, aka kafa mata kwamitin bincike, aka karɓe ɗaliban da take duba wa aiki. Mutum biyun da suka goya mata baya suka rubuta takardar neman afuwa. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne zaman da ya biyo baya. Farfesoshi masu furfura, waɗanda nake kwafar maganarsu kamar karatu, suka amince da buɗe tsangayar cikin 'yan mintuna, har da tafi. Wani ma ya miƙe yana yabon hangen nesan shugaba, shi da na ji da kunnena yana ce masa jahili a wurin shan shayi. Shugaban jami'a kansa yana zaune yana murmushi kamar baƙon da aka gayyato biki. Mama ba ta jira hukuncin kwamiti ba, ta ajiye aikin da ta yi shekaru tana yi.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa gidanta a Sabon Gari. Na tarar da ita a baranda tana gyaran ganyen miya. Kafin na buɗe baki ta ce in zauna, ta riga ta sani. Ta ce tun da ta karanta takardar tuhumar ta ga maganarta cif, ba ragi ba ƙari, ta san hannu ɗaya ne a zauren nan zai iya haka. Sai ta tambaye ni me suka ba ni. Na ce ba komai. Ta ce da ma wani abu suka ba ni da ta fi samun sauƙi, don mai yunwa ana iya yi masa uzuri. Ba ta zage ni ba. Ta zuba mini abinci, na kasa ci. Da zan tafi ta kira ni da sunana na yanka, kuma tun daga ranar ba ta sake ce mini 'yata ba.

Har yanzu ina wannan aikin, ina shiga zauren ina fita, kuma ba abin rubutawa sai an amince, an amince. Na kan ji ana ta kiran a ba jami'o'i 'yancin cin gashin kansu, ana ɗora laifi duka a kan gwamnati. Gwamnati tana da nata, amma mutumin nan bai fasa ƙofa ya shigo ba. Mu na ciki ne muka buɗe masa, wani don kujera, wani don tsoro, ni kuma don an ce na iya rubutu.

Ina kira ga duk ƙaramin ma'aikaci da aka zaunar a gefen zaure da biro a hannu, musamman 'yan'uwana mata masu saurin yarda. Kada ki ɗauka ke ba kowa ba ce, domin abin da kika ji amana ne, kuma ta wurinki za a fara nema. Idan babba ya kira ki ya fara da yabo, ki tsaya ki tambayi kanki me yake so daga jakarki. Ni ban tambaya ba, kuma wadda ta biya mini wannan sakaci ita ce mace ɗaya tilo da ta fara miƙewa ta faɗi gaskiya. Allah Ya yafe mini, Ya kuma sa ita ma wata rana ta yafe.